Inna Habiba Mai Kitso Ta Faɗi Nata

A shekarar 1998 muna da wani zama na mata a unguwar Damba da ke Gusau, duk Asabar bayan la'asar, a tsakar gidan Malama Rahila, ma'aikaciyar jinya. Ƙa'idarsa ɗaya ce: kowace ta rubuta tarihin rayuwarta a layi biyar, ta miƙe ta karanta. Ni da na yi jami'a, aikina gyaran rubutu.

Inna Habiba mai kitso ce babbarmu. Haifaffiyar Kucheri ce, ta zo Gusau da ƙuruciya, kuma da wuya ka sami amarya a unguwar da kanta bai bi ta hannunta ba. In tana kitso bakinta ba ya hutawa. Ta koyi boko a ajin yaƙi da jahilci, ta rubuta layukanta tsaf, amma duk ranar da ta miƙe ta ga idanu a kanta, sai murya ta maƙale.

"Inna, ke da kike cika mana kunne?" in ji Maimuna mai ɗinki.

"Rufe mani baki, mai gashin ɗan tsako," in ji Inna, ta koma ta zauna.

Ana nan ɗanta ya aiko cewa zai maida ta Kucheri ta huta. Ranar zamanta na ƙarshe ta ce mani a hankali, "Ɗiyata, in na tafi ban faɗi nawa ba, wa zai san ni?"

Ta miƙe, ta sake kasawa. A nan na tuna ban taɓa jin tana hira da fuska ba, kullum da ƙeya take yi. Na zare ɗankwali, na zauna gabanta, na ba ta baya.

Ta taɓa kaina. "Wa ya yi maki wannan aika-aika? Kai, 'yan jami'a!"

Aka kwashe da dariya. Ta zaro tsinke ta tsaga gashin, sai murya ta dawo.

"Sunana Habiba. A gemun masara na koyi kitso, a gonar babana, har ya kore ni da sanda..."

Ta wuce layi biyar nesa ba kusa ba, Malama Rahila ba ta tsayar da ita ba. Aka kira magariba rabin kaina a tsefe.

"Sauran fa, Inna?" na tambaya.

"Na kan ko na labarin? Ki biyo ni Kucheri, duka biyun a ƙarasa."