Direban da Ya Ajiye Mini Makulli

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da ranar da direbanmu ya ajiye mini makullin mota a tsakiyar baƙaƙen duwatsun bayan Madina ba.

Lokacin ina injiniya a wani ayari mai auna zafin ƙarƙashin ƙasa, don a ga ko zai ba da lantarki. Direban dattijo ne, Bahaushen Chadi. Da ya ji za a haƙa rijiya mai zurfi sai ya ce, "Ya duktur, duwatsun nan sun taɓa aman wuta. Ba za a tsokano su da hannuna a garin Manzo ba. Khalas, shi ke nan." Ya ajiye mini makullin.

Ni kuwa da ɗan banzan bakina, na tuntsire da dariya gaban mutane, na ce, "Baba, tuƙi aka ɗauke ka, ba fatawa ba." Kaico! Har yau in na tuna kunya nake ji.

Washegari aka gaya mini zai bar aiki. Barin aikin kuwa rasa iƙama ne, takardar izinin zama, wato barin Madina, ga mutumin da ba shi da burin da ya wuce a binne shi a nan.

Bayan la'asar na same shi a gidansa a unguwar Bani Harisa, butar shayi na tafasa. Na ba shi haƙuri, sannan na nuna masa murfin butar yana rawa. Na ce ba za mu kusanci narkakken dutse ba. Ruwa ne zai sauka ya ɗauko zafi, tururinsa ya juya inji, ruwan ya sake komawa ƙasa. Rana tana faɗuwa, iska tana tsayawa, amma wannan zafin yana nan dare da rana, babu hayaƙi.

Ya kalli butar, ya ce, "To ɗana, me ya hana ka faɗa mini haka a can? Ai ni ma ina da kunne."

Ya zuba mini shayi, ya miƙo hannu na sa masa makullin.

Shekaru uku bayan haka ya rasu, ni da kaina na kama makararsa a Madina. Da dariyata ta kore shi, da yanzu kabarinsa yana wata ƙasa. Tun daga ranar, duk wanda ya ji tsoron aikina, zama nake in yi masa bayani, domin sau da yawa ƙaunar wurin ce ta sa shi tsoron.