Jirgin da Harouna Bai Gane Ba

Mukhtari mutumin Gaya ne, a bakin kogin Kwara, can ƙasar Nijar. Gidansu gidan masu ƙera jiragen ruwa ne. Mahaifinsu ya yi sana'ar, yayansa Harouna ya gaje ta. Shi kuwa tun yana saurayi ya bi fatauci, daga Kwatano zuwa Abijan, har ya tsinci kansa a New York yana sayar da bel da tabarau a bakin Canal Street. Takardunsa ba su cika ba, don haka in ya je gida babu dawowa. Sai ya zauna, shekaru suka yi ta wucewa.

A 2013 idanun Harouna suka mutu, ya ajiye gizago. Tun daga nan ba shi da hira a waya sai ta jirgi, musamman babban da suka ƙera da mahaifinsu, wanda ya riga ya ruɓe a bakin ruwa.

"Kai dai hannunka bai san icce ba, ɗan Amirka," in ji shi yana dariya. "Ko muciya ba ka iya fiƙewa."

Mukhtari ya yi dariya shi ma, amma maganar ta zauna masa. Washegari ya tsinci akwatin lemo na katako da 'yan Sin suka yar a kusa da teburinsa, ya ɗauke shi a jirgin ƙasa har gidansa a unguwar Parkchester. Matarsa Zalika ta dube shi, ta dubi akwatin.

"Malam, yanzu kuma bola muka koma kwasa?"

"Jirgi zan yi."

"To, Allah ya sa mu haye da shi."

Ba shi da zane, ba shi da hoto. Awon duk yana jikin Harouna, domin a gidansu da kamu da taƙi ake auna katako. Kowace Lahadi bayan azahar sai ya kira gida. Harouna ya faɗi tsawon ciki kamu kaza, faɗin baki taƙi kaza, shi kuma ya mayar da kowane kamu gaɓar yatsa guda. Da reza yake tsaga katakon, ya jiƙa shi a ruwan zafi, ya lanƙwasa a jikin tukunya. Ƙusoshinsa allurai ne da yake datsewa. Tsakanin katako da katako yakan cusa zaren auduga da tsinke, kamar yadda ake toshe na gaske da tsumma.

Wata goma sha huɗu ya yi a kai. Sau uku yana warware goshin jirgin, saboda Harouna ya ce in goshi bai ɗaga ba, ba jirgin gidansu ba ne. Abu ɗaya kawai Mukhtari yake so: yayansa ya riƙe jirgin nan, ya shafa shi, ya ce aikin gidansu ne.

Ana saura mako biyu Hajiya Habsatou, wata 'yar kasuwa maƙwabciyarsu, ta tafi Yamai, ta ce za ta kai wa Harouna jirgin. A cikin kwanakin nan ne ya wuce wani kanti a Manhattan inda aka jera ƙananan jiragen Turawa a cikin gilashi, suna ƙyalli kamar an lashe su. Ya daɗe a tsaye. Da ya koma gida ya dubi nasa, sai ya ga duk shaidar reza ce da kawunan allurai. Kunya ta kama shi. Ya sayo samfefa ya goge shi tas, ya cike kowace tsaga, ya shafa masa man sheƙi irin na kujeru har sau biyar. Zalika da kanta ta ce yanzu ya zama abin nuna wa mutane.

Jirgin ya isa Gaya ranar wata Alhamis. Mukhtari yana kan teburinsa saƙon murya ya shigo daga Harouna, ya toshe kunne ɗaya saboda ƙarar motoci.

"Mutari, saƙo ya iso, na gode. Na shafa shi ciki da baya. Aikin inji akwai kyau, ko gaɓa guda ban ji ba. Ka ga, da ka hwaɗi mani abin ya hi ƙarhinka, da ban yi ta wahal da kai da awo ba. Ba komi. Ba kowa aka yi don icce ba."

Babu zolaya a muryar, lallashi ne. Mukhtari ya kira nan take, ya rantse da hannunsa ya yi, ya kwatanta yadda ya goge shi.

"To, na ji," in ji Harouna a hankali, irin yadda ake amsa wa wanda ba a so ya ji kunya. Daga nan ya tambayi lafiyar Zalika. Bai ƙara yi masa hirar jirgi ba.

A makon nan Mukhtari ya fara na biyu. Ya kai rabin ciki, cikin watan Maris na 2015, aka bugo aka ce Harouna ya rasu bayan zazzaɓin kwana uku. An yi zaman makoki a masallacinsu na Bronx. Wani ɗan garinsu da bai daɗe da zuwa ba ya ce ya ga jirgin a ɗakin marigayin, a naɗe cikin ledarsa a kan kabad, don kada ya yi ƙura.

Mukhtari ya ƙarasa na biyun, ya yi na uku, ya yi na huɗu. Suna jere a kan taga, ko ɗaya bai ga samfefa ba. An sha taya su, ya ce ba na sayarwa ba ne.

Wata safiya Zalika tana goge tagar, ta ɗaga ɗaya daga cikin jiragen, sartse ya shige mata yatsa. Ta miƙo masa hannun.

"Malam, don Allah ko bakin nan kaɗai ka ɗan goge."

Ya ɗauko allura, ya zaunar da ita wajen haske, ya cire mata sartsen a hankali. Sannan ya mayar da jirgin inda yake.