Kitson Da Ba Anti Hajara Ce Ta Yi Ba

Abu na farko da na lura da shi da muka shiga lungun tafkin nan shi ne wari. Ba warin kifi ba ne, ba kuma na taɓo ba. Kun san warin kan da ya daɗe da kitso, ga gumi ga tsohon mai, ranar da aka zo tsefe shi? To, irinsa ne, sai dai kamar an jiƙa shi an ƙulle a leda ya kwana. Na dubi kowa, ba wanda ya ko yamutsa fuska. Ni kuwa dama ba mai magana ba ce, sai na ja bakin ɗankwalina na toshe hanci.

Wallahi abin da zan gaya muku ni ya faru da ni, ba ji na yi ba. A dogon hutu ne, shekarar da na gama aji takwas. Mu a garin Gaithersburg muke zaune, can ƙasar waje. Ƙanen Mama, Kawu Sani, injiniya ne a Alexandria, ya sayi wani tsohon jirgin ruwa irin mai dogon sanda da ƙyalle wanda iska ke turawa, ya ajiye shi a wani babban tafki can cikin Virginia. Ba zan faɗi sunan tafkin ba. Mutumin da ko kududdufi bai taɓa shiga ba a Kano, in ji Mama, ga shi ba shi da hira sai ta wurin tsayar da jirgi. Yana cikin wani zauren masu jirage a intanet, kullum suna gaya wa juna lungun da iska ba ta duka, da inda ƙasan ruwa ke riƙe anga. Anga ita ce ƙarfen nan mai ƙugiya da ake jefawa da sarƙa ta kama ƙasa don kada jirgi ya yi ta yawo. Burin Kawu shi ne ya gano wurin da ba wanda ya taɓa ambata, ya kai iyalinsa su kwana, ya kuma rubuta wa ’yan zaure su san shi ya fara.

Ran nan muna tare da matarsa Anti Hajara da ’yarsu Amira, wadda ba ta shiga makaranta ba tukuna, mai gashi har gadon baya. Mun gwada wani wuri, masu jiragen gudu suka ishe mu da kiɗa. Muka gwada wani, anga ta yi ta zamewa a kan dutse. Can bayan azahar Kawu ya hango wata ’yar kafa tsakanin itatuwa, muka kutsa, sai ga lungu zagaye da daji, ruwan a kwance lumui kamar man ja a kwano. Ya jefa anga, ta kama nan take.

“Kin gani ko, Mamana?” Haka yake kirana don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. “Kamar an riƙe da hannu!”

Ni abin da na gani daban ne. Ko’ina a tafkin akwai tsuntsaye, nan babu ko ɗaya. Kuma rassan da suka sunkuyo kan ruwa duk da wasu baƙaƙen zare a rataye, sun bushe sun cukurkuɗe, irin abin da ake zaƙulowa daga magudanar banɗaki.

Anti Hajara ma’aikaciyar jinya ce, ba ta da lokaci sai ranar, kuma ta yi wa Mama alkawarin za ta yi mini kitso. Saboda haka ta zaunar da ni tsakanin ƙafafunta ta fara taje kan. Gashin da matajin ya kwaso ta dunƙule shi ta ajiye a gefen kujera.

“Maman Amira, kada in ga silin gashi ɗaya a jirgina,” in ji Kawu. “Jiya na wuni ina goge shi.”

“Oho, jirginka. A gida binnewa ake yi ko a cusa a ramin katanga. Nan ina ka ga katanga, Kyaftin?”

“Ga ruwa nan ai.”

Ta yi tsaki, ta yi jim kamar ba za ta yi ba, sannan ta wurga. Jama’a, kowa ya san gashi yawo yake yi a saman ruwa. Wannan ko daƙiƙa bai yi ba. Ya nutse tsaye, da sauri, kamar an fizge shi daga ƙasa. Duk dunƙulen da ta jefa haka ya yi, ni kaɗai nake kallo.

Saura tsaga ɗaya a ƙeyata, Amira ta kifar da zoɓo a jikinta ta hau ihu da Turanci. Anti ta ce mu ƙarasa a gida, ta ɗauke ta suka sauka cikin ɗan ɗakin jirgin. Kawu yana can gaba yana ɗaukar hoto. Kaina na zafi saboda jan kitso, sai na kwanta a kan benci na jingina ƙeyata da bakin jirgin, barci ya ɗan sace ni. Na tuna na ji sanyi yana ɗiga a wuyana, da wani ja kaɗan-kaɗan, amma wanda aka gama ja wa kai awa guda ai ba zai yi mamakin wannan ba. Da na farka na ɗaura ɗankwalina kawai.

Da la’asar Kawu ya tashi cire anga, ta ƙi. Ya ja har jijiyoyin wuyansa suka fito. Ya kunna inji ya yi gaba ya yi baya, jirgin yana karkata, Anti tana salati. Can sai sarƙar ta saki, ta fara hawowa, warin nan ya biyo ta ninki goma. Innalillahi. Gashi ne, jama’a, kauri kamar damtsena, baƙi da furfura a haɗe, yana yauƙi, wasu fararen tsutsotsi ƙanana suna motsi a ciki. Kuma ba naɗewa ya yi a sarƙar ba. Kitsa shi aka yi da ita, gashi biyu sarƙa ta uku, tsaf, ba inda ya kauce. Na yi amai a bokiti.

“Zaren masunta ne da ciyawa,” in ji Kawu, yana yankewa da wuƙa yana kawar da fuska. “Me kuke wa salati haka?”

“Ciyawa mai furfura, Baban Amira?”

Ya ci gaba da yankansa. Ni kuwa ko cikin aman na lura da abu ɗaya. Kitson Anti ɓangaren dama yake kwantawa. Wannan hagu ya kwanta, irin na bahaguwa.

Da aka sauke ni a gida Mama ta zare ɗankwalin don ta ga aiki, ta ce, “A’a, ashe Hajara ta gama.” Sai kuma ta ja da baya ta riƙe hanci. Tsagar ƙeyar nan a kitse take, a jiƙe sharkaf, ta kwanta hagu. An saƙa furfura a cikin gashina har jelar ta wuce kafaɗata, ni da gashina ko wuya bai rufe ba. Mama ta kira Anti a waya, ina ji tana rantsuwa ba ta taɓa wurin ba. Mama ta sa tsinke ta tsefe, ya ƙi, yauƙi kawai yake fitarwa. Ƙarshe almakashi ta sa tun daga tushe, ta naɗe a tsumma, ta yi addu’o’inta, ta binne a bayan gida. Na wanke kaina har fatar ta yi ja. Har yau gashi bai sake fitowa a wurin ba, ɗan fili ne mai santsi kamar tafin hannu, kuma in aka yi ruwan sama ina jin warin a matashina. Ban san mene ne ba, Mama ma ba ta ce ta sani ba. Abin da zan ce muku kawai, in kun sami wuri mai kyau a ruwa kuka ga ba kowa, har tsuntsu, ku tambayi kanku dalili. Kuma abin da ya fita daga jikinku ku ƙulle shi ku koma da shi gida.

Da sati ya zagayo Kawu ya zo gidanmu da fara’arsa. Mama ta riga ta gaya masa, ya ce tsoron mata ne, wataƙila Hajara ta manta ta kitsa. Ya miƙo mini waya in ga hoton lungun da ya sa a zaure, har wani yana cewa zai kai ’ya’yansa mata su yi iyo. Ya ce su ma ran Asabar can za su kwana. Amira tana zaune a ƙasa kusa da ƙafarsa, Anti ta sake mata gashi ya bazu a bayanta, tana wasa da jelarsa a baki.

Ban taɓa yi wa babba magana bai tambaye ni ba. Na durƙusa a gabansa, na juya masa baya, na zare ɗankwalina, na kamo hannunsa na ɗora yatsansa a kan filin nan. Na ji ya zabura don sanyin wurin.

Na ce, “Kawu, don girman Allah ka goge abin da ka rubuta. Kuma in dai sai ka koma, ka bar mana Amira a nan.”