Likkafani a Mashigin Suez

A Riyad, idan ma'aikacin ofishin jakadanci ya ɗauki hutu, wuri biyu aka sani: gida ko Umara. Shi ya sa da maƙwabcina a unguwar Malaz, wani likita Bamisire, ya nemi in taya shi kai jirginsa na ruwa mai filafili, irin wanda iska ke turawa, daga gaɓar Yanbu zuwa Bahar Rum, na amsa masa amma na kasa faɗa wa kowa. Bakatsinen da ko a kududdufi bai taɓa iyo ba, shi ne da yawon teku? Da abokan aiki sun shekara suna yi min dariya. Na ce zan yi tafiya, suka ɗauka gida ne, ni kuma ban gyara musu ba.

Direban ofishinmu, dattijo mai ƙarancin magana, shi ya kai ni filin jirgi. Ina sauka ya miƙo min ƙunshi a leda.

"Ranka ya daɗe, likkafanin tsohuwata ne. Da kaina na wanke shi da Zamzam. Jikin ya yi nisa, kullum shi take tambaya. Ga lambar ƙanina, in ka sauka ka kira shi."

Nan ya kamata in buɗe baki. Sai na ji na ce, "In sha Allahu, Baba." Na raya a raina cewa mako biyu ne kawai, in na dawo sai in ba wani mai tafiya. Ya juya da mota, ni kuma na ja jakata zuwa ɓangaren jiragen cikin gida.

Na ji daɗin tafiyar, kuma wannan ne ya fi ci min rai. Kwana biyun farko amai na sha, likita yana tsokanata wai na fi kowa ciyar da kifi. Daga baya cikina ya zauna. Iskar daga arewa take zuwa, mu kuma arewan muka nufa, don haka a karkace muke tafiya, mu yi dama mu dawo hagu, duwatsun gaɓa suna gefenmu. Na koyi jan igiya da zarar ya ce "Yalla!", wato maza, tafin hannuna ya yi kanta. Salla a zaune nake yi, alƙibla tana zame min tsakanin raka'a da raka'a. Waya ba ta kamawa, har murna nake da hakan. Ƙunshin yana ƙarƙashin gadona, kowace safiya ina duba shi kada ya sha danshi, kamar wannan ne amanar.

A bakin mashigin Suez aka naɗe filafili aka tada inji, ma'aikacin da zai yi mana jagora ya hau. Ya ce ba tsayawa, ba juyawa, sai birnin Isma'iliyya. Muna cikin tafiya da hantsi wayata ta farka, saƙonnin murya suka zubo, duk na Baba direba. Na farko yana tambaya ko na sauka lafiya. Na biyu ya ce ƙaninsa yana jira. Na uku gajere ne: tsohuwa ta rasu jiya, an kai ta.

Yashi ne dama da hagu, kusa ƙwarai, da na jefa dutse zai kai tudu. Na zauna riƙe da waya har wani ƙaton jirgin kaya ya gama wuce mu. Kunya ta hana ni kira.

Ranar da na dawo na same shi a ɗakinsa a unguwar Utaiƙa. Na yi gaisuwa, na ajiye ledar a gabansa, na fara kame-kame. Ya ɗaga min hannu.

"Ranka ya daɗe, da ka ce ba gida za ka ba, ai akwai ɗaliban da suka tashi washegari." Ya shafa ledar. "Ni na ce mata yana hanya. Sun ce duk wanda ya yi sallama sai ta tambaya ko baƙon ɗanta ne."

Har yau shi yake kai ni aiki, kuma bai fasa buɗe min ƙofar mota ba.