Jar Igiyar Goulven

Tsawon shekara talatin da takwas, kullum kafin gidan burodi ya buɗe, Goulven Kerbrat ya riga ya sauko tashar jiragen ruwa ta Camaret da akwatin spanoninsa da ƙunshin jar igiya a kafaɗa. Makanikin injin kwalekwale ne. Jiragenmu masu tafiya da iska ba sa iya matsawa gaɓar tsibiri, sai mu jefa anga, ƙarfen tsayar da jirgi, daga nesa mu ƙarasa a ƙaramin kwalekwale. Shi ne rayuwar wannan kwalekwalen.

Ga faɗa kamar me! In ya ga wani zai fita teku yana jan kwalekwale a baya da injin a maƙale, sai ka ji shi: "Kai, gwanin gwanaye! Kifaye ka saya wa injin? Ɗaga shi sama!" Duk injin da ya gyara sai ya ɗaura masa jar igiya, don ko ya suɓuce wajen miƙawa kada ya nutse.

Shekarar da mijina Loeiz ya rasu, injinmu ya gagare ni. Dā shi ke cicciɓo shi daga kwalekwale, ni ina karɓa daga saman jirginmu. Ni kaɗai kuwa, da shekara sittin da uku, ko motsa shi ban iya ba. Ba inji, ba zuwa Molène, tsibirin da muke zuwa tare kowace bazara. Na rataya wa jirgin allon sayarwa, ina kuka.

Goulven ya cire allon ba ko sallama. "Soazig, kin haukace ne? Ba ni kwana uku." Ya kafa lanƙwasasshen ƙarfe a bayan jirgin, da 'yar taya da igiya ke bi. Da hannu ɗaya na jawo injin sama. Ya ce, "To, Loeiz dama ragon banza ne," ya juya baya yana share ido.

Yau da muka taru yi maka ban kwana, bari in faɗa: kai ne ka mayar mini da tsibirina, Goulven. Yanzu gwiwarka ta ƙi, 'yarka za ta tafi da kai Rennes, inda ba a jin ƙamshin teku. Wallahi tun yanzu ina kewar masifarka.

Na gode. Ku matasan makanikai, ku riƙa duban mai injin, ba injin kaɗai ba, kamar yadda yake yi. Kai kuma, watan Yuni zan zo in ɗauke ka zuwa Molène. Zauna kawai, ni zan ɗaga injin.