Ranar da Dodo Ya Kai Ƙara

Shekaranjiya Baffa Sule ya ce in shirya zuwa ƙofar mai unguwa in janye maganar da na yi a rediyo. Na shige ɗaki na zauna a bakin katifa. Abin da ya faɗo mini a rai kuwa wutar Iya ce.

Iya kakarmu ce ta wajen uba. Bandar kifi take yi a tsohon gidanmu na bakin kogi, kafin mu dawo Sabon Gari. Masunta sukan kawo mata tarwaɗa da la'asar, ta wanke, ta lanƙwasa kowace ta soke da tsinke, bayan isha'i ta jera su a kan waya bisa rabin duro. Wutar banda sai da tsaro, in ta ci da yawa kifi ya ƙone. Shi ya sa take tara mu mu taya ta zama. Ni da Rabi, 'yar Gwaggo Asabe, sa'o'in juna ne, zani ɗaya muke lulluɓa. Hayaƙi ya cika mana ido, amma ba mai tashi, don kan kifin da ya karye ladan wanda bai yi gyangyaɗi ba ne.

"Ga ta nan tafe, ku matsa mata," in ji Iya in za ta fara tatsuniya.

Mu kuma mu amsa, "Ta shigo, mun share mata wuri."

Akwai wata tatsuniya da Rabi take sa ta maimaita kullum. Wai a wani gari akwai mashigi, ruwa iya gwiwa, kowa ta nan yake ƙetarewa. Sai Gizo ya gano yashin wurin yana da kyau, ya riƙa haƙa yana kai wa masu gini. Rami ya yi zurfi, ruwa ya rufe shi. Jakin Sarkin Pawa ya shiga, bai fito ba. Gizo ne ya fara isa fada yana kuka, ya ce Dodon ruwa ne ya yi fushi. Aka riƙa kai wa Dodo fura da farin zakara bakin mashigi, Gizo yana bi yana cinyewa. Tunkiya ta tafi, mai tallan nono ta tafi, kullum Dodo.

Rannan ana zaman fada sai ga wani tsoho jiƙe sharkaf, yana dogara sanda, ba haƙori ko ɗaya a bakinsa. A nan Iya takan tsotse kumatunta ta yi muryarsa, mu yi ta birgima.

"Ranka ya daɗe, ni ne Dodo. Ƙara na kawo. Shekara bakwai rabona da nama, kunu nake sha. Gidan nawa ma an kwashe shi a mangala. Abin da ban ci ba a daina cewa na ci."

Sarki ya ce wa ya ga mai haƙa? Dodo ya ce Kwaɗo, don a bakin ramin yake kwana. Aka kira Kwaɗo. Ya dubi Sarki, ya dubi Gizo da yake zaune kusa da Sarki cikin sabuwar riga. Maƙogwaronsa ya kumbura, ya saɓe, ya sake kumbura. Bai ce uffan ba. Aka kori Dodo da jifa. Da rana ta faɗi, fada ta watse, sai Kwaɗo ya koma bakin ruwa yana ta faɗa: "Na gani, na gani, na gani."

"Har yau abin da yake faɗa ke nan," in ji Iya tana juya kifi. "Sai an tashi daga fada bakinsa yake buɗewa. Ta ƙare, wanda ya ji ya riƙe."

Rabi takan ce, "Ni da ni ce, wallahi faɗa zan yi."

Iya ta ce, "Ke da kike ɓuya a bayana in akuya ta yi atishawa? Karɓi kan kifinki, uwar cika baki."

Yau kwana tara da rasuwar Rabi. Bikin suna za mu je a tsallaken kogi, muka bi mashigin da muke bi tun muna yara, wanda da rani ba ya wuce gwiwa. Tana gaba da kwanon cincin a ka, ina baya riƙe da takalmanmu. Tana ba ni labarin ɗinkin da tela ya ɓata mata, ta ɗaga ƙafa, sai na ga kwano yana yawo a kan ruwa. Na kamo bakin hijabinta, ya zame. Sai washegari masunta suka samo ta. Wanda ya yi nutso ya ciro ta ya ce gora biyu ba ta taɓa ƙasan ramin ba.

Duk unguwarmu an san wanda ya kafa injin zuƙo yashi a wurin. Tifofinsa ta ƙofar gidajenmu suke wucewa, hotonsa na takara manne a gilashi. Da mai ɗaukar labarai na rediyo ya miƙo mini waya a bakin ruwa, ban yi wani tunani ba, na faɗi abin da na gani. Da yamma aka sa muryata a labaran gari.

Ranar sadakar uku mai injin ya aiko da buhunan shinkafa da mai ɗaukar hoto. Wakilinsa ya tsaya a zaure yana cewa ai kogin nan da ma yana da mutanen ɓoye, duk shekara sai sun karɓi nasu. Dattawa suna gyaɗa kai. Mutanen da suka yi salla a sahun gaba. Na san kwana in ya ƙare ya ƙare, ban taɓa musun ƙaddara ba. Amma aljani bai sayi inji ba, bai zuba masa mai ba. Daren nan wasu samari suka tsaya da babura a ƙofar gidanmu, suna tambayar wace ce mai bakin rediyo. Ba su yi komai ba, sun dai haska ƙofar da fitila sun tafi. Tun daga ranar ko kwano ya faɗi sai na zabura.

"Ke Sa'a, ba ƙarya za ki yi ba," in ji Baffa. Shi yake riƙe da mu tun rasuwar Baba. "Cewa za ki yi a ruɗe kike, ba ki san abin da kika faɗa ba. Mu ba mu da kowa."

"Baffa, kai ma fa Iya ta yi maka tatsuniyar Kwaɗo."

"Iya tana kabari, ba ta san babur ba."

Jiya da hantsi muka je. Maza cike da tabarmi, wakilin yana kan kujera kusa da mai unguwa. Na durƙusa daga gefe na gaishe su.

"'Yata, an ce firgita ce ta sa ki magana," in ji mai unguwa. "Faɗa mana, me kika gani?"

Na buɗe baki, iska kawai. Shekara da shekaru ina yi wa Kwaɗo dariya, ban taɓa tambayar yadda ya ji ba. Ashe harshe ne yake yin nauyi, kunne ya riƙa ƙara, ka ji fitsari ya kama ka.

Daga ƙarshe na ce, "Allah ya taimake ka, a firgice nake, har yanzu ma. Amma rami na gani, kuma inji ne ya haƙa shi. Yana can yana aiki, in an yi shiru za a ji shi daga nan."

Aka yi shirun kuwa, aka ji shi. Mai unguwa ya duba hagu da dama ya ce ko akwai wanda zai ƙara? Masuntan da suka ciro ta suna wurin. Kowa ya sunkuyar da kai. Wakilin ya yi murmushi ya tambayi Baffa sunana cikakke. Aka ce a dawo ranar Alhamis.

Bayan magariba gidanmu ya cika. Mata suna shigowa ɗaya bayan ɗaya, suna kama hannuna, suna raɗa mini cewa gaskiya na faɗa, Allah ya yi mini albarka. Har wanda ya yi nutso ya ciro Rabi ya aiko matarsa. Ban san lokacin da raina ya ɓaci ba. Da ina ƙarama na ɗauka Kwaɗo guda ɗaya ne, matsoraci, abin dariya. Iya ba ta taɓa gaya mana cewa bakin ruwan cike yake da su ba, kowa ya gani, kowa yana jiran fada ta watse.

Na ce musu, "Albarkar nan ku kai mini ita ƙofar mai unguwa ranar Alhamis. A nan ba ta da amfani."

Wasu suka fara neman takalmansu. Gwaggo Asabe, wadda tun ranar rasuwar Rabi ba ta yi magana da kowa ba, ta ɗago daga kan darduma.

"Sa'a, in za ki tafi ki biyo ta gidana. 'Yata ce, ni zan shiga gaba."