Kibod ɗin Kwali

Shekarar da sojoji suka koma bariki na shiga wata makarantar koyon kwamfuta a Sabon Tasha. Mun cika ɗakin maƙil, kwamfuta kuwa biyu ce, an lulluɓe su da leshi kamar amare. Sai mun cire takalma muke shiga, wai kada mu kwaso musu cuta. Taɓawa kuma, malamin ya ce sai mun ƙware.

Babana, ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri, ya gaji da mitata. Ya yanko kwalin sabulu, na faɗa masa inda kowane harafi yake, ya zana mini kibod, wato allon maɓallan kwamfuta, da biro.

A kansa na koyi rubuta furogiram, wato jerin umarnin da ake ba kwamfuta. In rubuta umarnin a takarda, in danna a kwali, sannan in bi layi-layi da yatsa ina lissafa amsar da injin zai bayar. Ni ce ɗaliba, ni ce kwamfutar. Zama ya gagare ni. A bas, a coci, har a bakin murhu, yatsuna suna ta motsi a cinyata. Mama ta ce ko a kai ni wurin fasto.

Ranar da malamin ya yaye leshin ya ce, "Ke, zo zauna," na danna harafin farko, maɓallin ya nutse. Na fizge hannuna, na ɗauka na ɓalla shi.

Wata huɗu ina danna abin da bai taɓa amsa mini ba.